Yadda Ake Zaɓen Furosesa Don Na'urar Da Za Ta Yi Aiki Cikin Radiyeshan

A watan Fabrairun 2021 motar binciken hukumar NASA mai suna Perseverance ta sauka a duniyar Mars ɗauke da furosesa, wato cif ɗin da ke yin lissafi a kwamfuta, iri biyu da suka yi hannun riga da juna. Ita kanta motar tana tafiya ne da RAD750 ta kamfanin BAE Systems, wadda gudunta bai wuce megahaz 200 ba, kuma asalin zanenta na PowerPC 750 ne, irin wanda aka sa cikin kwamfutocin Apple a ƙarshen shekarun 1990. A ƙarƙashin cikin motar kuwa an maƙale ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, Ingenuity, wanda ke sarrafa hotunan kyamararsa da Snapdragon 801 ta Qualcomm, furosesar wayoyin hannu na 2014, mai gudun sama da gigahaz 2. Tashi biyar aka shirya wa jirgin, sai ga shi ya yi 72 kafin fukafukinsa ya lalace a Janairun 2024.

Duka zaɓin biyu da hankali aka yi su. Motar tana ɗauke da aikin shekaru da ba a iya maimaitawa, don haka aka ba ta furosesar da ke zuwa sararin samaniya tun 2005 ba ta ba da kunya ba, aka kuma sa mata guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na zaman ko-ta-kwana. Jirgin kuwa gwaji ne na kwana 30, yana bukatar lissafi mai sauri da nauyi kaɗan, kuma faɗuwarsa ba za ta kashe aikin motar ba. Ko a hakan ma ba a sakar wa Snapdragon linzami ba, domin ƙananan furosesa biyu na dangin TMS570 na Texas Instruments ne ke riƙe da tuƙin, tare da wani cif na ProASIC3 da ke sa musu ido, in ɗaya ta rikice ya miƙa aikin ga 'yar'uwarta.

Na fara da wannan ne saboda a 'yan shekarun nan sababbin dangogin furosesa sun yi ta fitowa, masu cibiyoyin lissafi takwas a cif ɗaya, masu gudun gigahaz, masu iya ɗaukar lissafin ƙirƙirarriyar basira, kuma duk wanda ke zana dasasshiyar kwamfuta, wato kwamfutar da ake binnewa cikin wata na'ura don ta yi aiki guda, kamar tauraron ɗan'adam ko jirgin sama ko injin asibiti, yana iya ruɗuwa ya fara da tambayar wacce ta fi sauri. Wannan tambaya ita ce ta ƙarshe a jeri. Kafin a kai gare ta sai an san inda na'urar za ta zauna, da tsawon zamanta, da irin kuskuren da za a iya yafe mata.

A fara da wurin da na'urar za ta zauna

Radiyeshan ba abu ɗaya ba ne, kuma ba ya bazuwa daidai a ko'ina. Duniya tana da ɗamara biyu na ƙwayoyin zarra masu caji waɗanda maganaɗisunta ya kama ya riƙe, ana kiransu da sunan James Van Allen tun da tauraron Explorer 1 ya gano su a 1958. Ta ciki furoton ne suka fi yawa a cikinta, ta waje kuma ilektoron. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kewayawa a tsayin kusan kilomita 400, ƙasa da ɗamarar, amma takan ratsa wani yanki a saman kudancin tekun Atlantika, daura da Barazil, inda ɗamarar ciki ta sauko ƙasa sosai, kuma a nan ne taurarin da ke ƙasa-ƙasa suke samun mafi yawan kurakuransu. Taurarin GPS suna kilomita 20,200, cikin ɗamarar waje, na sadarwa kuma suna kilomita 35,786, inda kariyar maganaɗisun duniya ta yi rauni. Bayan waɗannan akwai ƙwayoyi masu nauyi da ke zuwa daga wajen tsarin rana, irin su ƙwayar ƙarfe, waɗanda ba su da yawa amma kowace ɗaya tana da ƙarfin da za ta huda kumbo ta fita. Sai kuma guguwar rana, wadda ke bin zagayen shekara 11. A guguwar Oktoban 2003 na'urar MARIE da ke kan kumbon Mars Odyssey ta mutu, alhali kuwa auna radiyeshan aka aike ta yi.

Aikin farko shi ne a zuba bayanin tafiyar, wato tsayi da karkata da shekarar tashi da tsawon aiki, cikin manhajar lissafin muhalli. SPENVIS ta hukumar sararin samaniyar Turai da OMERE ta Faransa su ne aka fi amfani da su, CREME96 kuma don lissafin ƙwayoyi masu nauyi. Abin da za su bayar shi ne jimillar radiyeshan da cif zai sha a bayan garkuwar alminiyom mai kauri kaza, da kuma yawan ƙwayoyin da za su ratsa shi a rana, kowace da ƙarfinta. Wanda bai riƙe waɗannan lambobi a hannu ba, babu abin da zai gane a takardar bayanin kowace furosesa.

Na'urar da ba za ta bar doron ƙasa ba ma tana da nata rabon. Ƙwayoyin sama suna bugun iska su haifar da niyutoron, kuma ma'aunin JESD89 ya ɗauki kusan 13 a kowace murabba'in santimita a awa ɗaya a gaɓar teku a birnin New York, a tsayin da jiragen fasinja ke tashi kuwa adadin yana ninkawa sau ɗaruruwa. Tun 1978 Timothy May da Murray Woods na kamfanin Intel suka gano cewa burbushin yuraniyom da toriyom da ke cikin rigar cif kanta yana juya bayanai a memori. Ana auna irin wannan kuskure da FIT, wato kuskure ɗaya cikin awa biliyan ɗaya. A ɗauka cif yana da FIT 1,000. Idan guda ɗaya ne, zai yi kusan shekara 114 kafin ya yi kuskure, wanda ba abin damuwa ba ne. Idan kuwa an sa shi cikin motoci miliyan ɗaya da ke kan hanya a lokaci guda, to kowace awa ɗaya daga cikinsu za ta yi kuskure, kuma a nan ne mai zana birki ko sitiyari zai daina barci.

Ɓarna iri biyu da ba su da magani ɗaya

Ɓarna ta farko tsufa ce. Radiyeshan yana barin caji a cikin siririn rufin da ke raba sassan tiransista, cajin yana taruwa a hankali, sai tiransistar ta fara yoyon wuta ko ta canza ƙarfin da take buɗewa da shi. Takardun kamfanoni suna rubuta wannan TID, suna auna shi da rad, ko giree wanda ɗayansa rad 100 ne. Don a ga girman abin, rad 400 zuwa 500 a jiki gaba ɗaya yana iya kashe mutum, amma furosesar sararin samaniya ta gaske ana so ta jure rad 100,000 ko fiye. Alamar farko yawanci ita ce cif ya fara shan wuta fiye da da, kuma a ƙananan furosesa na kasuwa memorin filash ne kan riga kowa gajiya. Wannan ɓarna garkuwa tana rage ta. Kumbon Juno da ya isa Jupita a 2016 ya ɓoye kayan lantarkinsa cikin akwatin titaniyom mai kaurin bango kusan santimita ɗaya. Amma amfanin garkuwa yana raguwa bayan 'yan milimitocin farko, nauyi kuma yana ƙaruwa. Al'adar masu aikin ita ce a ninka abin da lissafi ya bayar, galibi sau biyu, ta yadda idan manhaja ta ce rad 10,000 za a nemi cif da aka gwada har 20,000.

Ɓarna ta biyu bugu ɗaya ce, kuma tana iya faruwa a ranar farko. Ƙwaya guda ta ratsa silikon, ta bar layin caji a bayanta, sai sifili ya koma ɗaya a memori, abin da ake kira SEU. Idan bugun ya faɗa kan sashen da ke tafiyar da cif ɗin, furosesar takan sandare har sai an sake kunna ta, wannan shi ne SEFI. Mafi muni shi ne SEL, wato sarƙewa: a cikin silikon na CMOS akwai wata ɓoyayyiyar hanya tsakanin layin wuta da na ƙasa wadda babu wanda ya zana ta, tsarin ginin ne ya haife ta, kuma idan ƙwaya ta buɗe ta, wuta za ta yi ta kwarara ba tsayawa har sai an yanke ta ko cif ya ƙone. Ƙarfin ƙwaya ana rubuta shi LET, kuma manyan ayyuka sukan nemi shaidar cewa cif ba ya sarƙewa har LET 60 ko 75, ƙananan ayyuka wani lokaci su tsaya a 37. Garkuwa ba ta da wani tasiri a kan ƙwayoyi masu nauyi, don haka maganin wannan ɓarna yana cikin zanen cif da zanen allo da manhaja.

Akwai ta uku, wadda ƙwaya ke tunkuɗe zarra daga mazauninta, amma ta fi taɓa idon kyamara da faifan hasken rana, furosesa ba ta cika damuwa da ita ba.

A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga lambar TID mai kyau a ɗauka an gama. Cif yana iya jure rad 50,000 ya kuma ƙone da bugu ɗaya a makon farko. Idan za a tambayi mai sayarwa abu ɗaya kacal, a tambaye shi shaidar sarƙewa.

Dangogin da ke kasuwa

Ana raba kayan gida uku. Akwai waɗanda aka gina tun daga tushe don radiyeshan, akwai waɗanda asalinsu na mota ne ko na masana'anta aka gyara su aka gwada har suka jure wani mataki, sai kuma na kasuwa zalla. Kalmomin da kamfanoni ke liƙa wa kayansu ba su da ma'ana ɗaya daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka lamba da rahoton gwaji ake bi. Misali mai kyau yana wurin Microchip, inda SAMV71Q21RT da SAMRH71 duka suke kan cibiyar Cortex-M7 ta kamfanin Arm: ta farko tana gudun megahaz 300 da juriyar rad 30,000, ta biyu tana gudun megahaz 100 da juriyar rad 100,000. An sayar da sauri an sayi juriya. Amfanin irin wannan dangi shi ne a fara rubuta manhaja a kan 'yar'uwarsu ta mota mai araha, sannan a koma kan ta sama ba tare da an sake komai daga farko ba.

A matakin ƙananan furosesa, masu kula da injin juyi ko ma'aunin zafi ko rarraba wuta, akwai kuma VA41630 ta Vorago mai Cortex-M4, da MSP430FR5969-SP ta Texas Instruments mai memorin FRAM da ƙarancin shan wuta, da GR716 ta Gaisler. Mafi yawan ayyukan da ke cikin tauraro irin waɗannan ne, kuma ɗora musu babbar furosesa ɓarnar wuta ce kawai.

A matakin kwamfutar da ke jan ragamar kumbo, Amurka ta daɗe a kan PowerPC, daga RAD750 zuwa RAD5545 mai cibiya huɗu, Turai kuma a kan LEON, wadda ke bin tsarin umarni na SPARC. Kamfanin Gaisler da ke Gotenbag a Suwidin ya fitar da GR712RC mai cibiya biyu da megahaz 100, sannan GR740 mai cibiya huɗu da megahaz 250. Sauyin da ake gani yanzu shi ne ɓangarorin biyu suna karkata zuwa RISC-V, tsarin umarnin da aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, wanda kowa ke da 'yancin ginawa a kai ba tare da biyan lasisi ba. A watan Agustan 2022 NASA ta ba Microchip kwangilar dala miliyan 50 don ta gina furosesar da za ta ninka ƙarfin lissafin kwamfutocin kumbo na lokacin aƙalla sau 100, kuma a 2024 kamfanin ya bayyana dangin PIC64-HPSC, mai manyan cibiyoyi takwas na X280 daga SiFive, da sashen lissafin jeri don sarrafa hoto da ƙirƙirarriyar basira, da mahaɗar Ethernet a cikin cif ɗin, a nau'i biyu, ɗaya don tafiya mai nisa ɗaya don taurarin ƙasa-ƙasa. Gaisler ma ta zana cibiyar NOEL-V, ta kuma tsara GR765 ta yadda mai amfani zai zaɓi ko ya tashe ta a matsayin LEON5 ko NOEL-V, wanda dabara ce ta lallashin masu tsohuwar manhajar SPARC. Arm ba ta bar fagen ba: NG-Ultra ta NanoXplore a Faransa ta haɗa cibiyoyi huɗu na Cortex-R52 da FPGA, wato cif da ake tsara wayoyinsa bayan an ƙera shi, LS1046-Space ta Teledyne e2v kuma tana da cibiyoyi huɗu na Cortex-A72. Ga mai sarrafa hoto ko siginar rediyo da yawa, FPGA irin su RT PolarFire ta Microchip ko XQR Versal ta AMD sukan fi furosesa dacewa.

Sabon dangi yana da daɗin karantawa, amma yana zuwa da bashi. Ƙanƙantar tiransista ta taimaka wajen tsufa, domin rufin ya yi siriri ba ya riƙe caji da yawa, sai dai ƙwaya ɗaya yanzu tana iya juya bit, wato gurbin sifili ko ɗaya, da dama da ke maƙwabtaka, kuma cif mai sassa da yawa yana da hanyoyin sandarewa da yawa. Jerin kurakuran zane na sabuwar furosesa bai gama fitowa ba, kayan rubuta manhajarta ba su gama nuna ba, ba ta kuma da tarihin tashi. Wanda aikinsa na shekara 15 ne kuma lissafinsa bai wuce karɓar umarni da juya eriya ba, tsohuwar da aka sani ta fi masa. Wanda zai sauke kumbo a kan wata yana kallon ƙasa da kyamara yana zaɓen wurin sauka cikin daƙiƙoƙi, shi ne ke da hujjar ɗaukar wannan bashi.

Karanta rahoton gwaji

Takardar talla ba shaida ba ce, a nemi cikakken rahoto. Gwajin tsufa ana yin sa da kobalt-60 bisa MIL-STD-883 hanya ta 1019 ko ESCC 22900, gwajin bugu kuma a injinan da ke harba ƙwayoyi, irin na Jami'ar Texas A&M, da Brookhaven, da Louvain-la-Neuve a Beljiyam, da Jyväskylä a Finlan. Niyutoron ana gwada shi a wurare irin su ChipIr a Ingila da Los Alamos a Amurka.

Yana da kyau a san yadda gwajin yake a zahiri. Ana cire murfin cif ɗin, ko a goge bayansa har ya yi siriri, saboda ƙwayoyin injin ba su da ƙarfin ratsa riga kamar na sama. A ɗora allon cikin ɗakin harbi, a ja dogayen wayoyi zuwa ɗakin da injiniyoyi ke zaune. Allo ɗaya yana nuna wutar da cif ke sha, ɗaya yana zubo saƙonnin manhajar gwaji. A buɗe harbi, lambobin kuskure su fara hawa ɗaya bayan ɗaya, saƙo yana zuwa, sai kwatsam layin wuta ya yi tsalle ya tsaya a sama, saƙo ya ɗauke. Na'urar kariya ta yanke wuta, a rubuta yawan ƙwayoyin da suka wuce kafin abin ya faru, a sake kunnawa a ga ko cif ɗin zai tashi. Lokacin injin da awa ake sayensa, kuma watanni kafin ranar ake kama layi, shi ya sa rahotanni da yawa ba sa taɓa kowane lungu na cif.

Wannan giɓi shi mai karatu zai nema. Sarƙewa ta fi faruwa da zafi da ƙarfin wuta mai yawa, saboda haka gwajin da aka yi a sanyin ɗaki bai ce komai ba game da cif da zai yi aiki a digiri 85 ko 125. Juyewar bit kuwa ta fi yawa idan wuta ta yi ƙasa. A duba ko an kai ƙwayoyi miliyan 10 a kowace murabba'in santimita kafin a ce ba ya sarƙewa, a duba samfura nawa aka gwada, daga wane rukunin ƙira, da kuma waɗanne sassa ne ke aiki lokacin harbin, domin gwajin da aka yi da ma'ajiyar kusa, wato ɗan memori mai sauri da ke cikin furosesa, a kashe ko da tashar Ethernet a kwance bai shafi wanda zai kunna su ba. Cin gwajin furoton ma ba ya nufin cin gwajin ƙwayoyi masu nauyi, tunda ɓarnar da furoton ke yi ba ta kai tasu ba.

Allon da ke kewaye da furosesa

Furosesa mai jure rad 300,000 ba ta da amfani idan abin da ke daidaita mata wuta ya mutu a 10,000. A 2024, watanni kaɗan kafin tashin kumbon Europa Clipper zuwa Jupita, NASA ta gano cewa wasu tiransistocin MOSFET da ke cikin kumbon za su iya gazawa ƙasa da matakin da aka zata, sai da aka shafe lokacin bazara ana gwaji kafin aka amince ya tashi a watan Oktoba. Ba furosesa ce ta kawo tsaikon ba. Kowane abu a kan allon, daga agogo zuwa memori zuwa mai sauya sigina, sai an bi shi da irin tambayoyin da aka yi wa furosesa.

Memori yana bukatar lambar gyara kuskure. Tsarin da aka fi sani yana ƙara bit 8 a kan kowane 64, yana gyara kuskure ɗaya yana gano biyu. Amma idan kalma ta zauna ba a karanta ta ba, kuskure na biyu zai iske na farko, don haka dole a sa wani aiki da zai riƙa zagaya memorin gaba ɗaya yana karantawa yana gyarawa yana mayarwa, kuma saurin zagayen daga lissafin muhalli ake fitar da shi. FPGA masu ajiye tsarinsu a SRAM su ma sai an riƙa duba tsarin ana gyarawa haka nan, domin a wurinsu bit da ya juye yana canza wayoyin ne da kansu.

Idan cif ɗin yana iya sarƙewa, a sa masa mai yanke wuta da ke aiki da kansa ba tare da jiran manhaja ba. A nan akwai tarko biyu. Bayan an yanke, sai an bar wutar da ke cikin kafasito ta zube sosai, in ba haka ba sarƙewar ba za ta saki ba. Haka kuma wuta tana iya sulalowa ta ƙafafun sigina daga wani cif da ke kunne ta ci gaba da ciyar da sarƙewar, ko da an rufe babban layi.

Sai mai gadi, wato ɗan agogon da ke sake kunna furosesa idan ta daina taɓa shi. Ya kamata ya zama a wajen cif ɗin, da agogonsa na kansa, kuma a taɓa shi ne kawai bayan manyan ayyuka sun nuna sun kammala zagayensu. Wanda ya sa katsewar agogo, wato ɗan aikin da agogon furosesa ke tayarwa da kansa lokaci-lokaci, ta riƙa taɓa shi ya yi aikin banza, domin manhaja za ta iya mutuwa katsewar na ci gaba da cewa lafiya lau. A ajiye kuma kwafin manhajar da ke tayar da na'urar a memorin da ba a rubutawa daga ƙasa, ta yadda duk abin da ya lalace na'urar za ta iya farkawa ta saurari umarni.

Ninka kwamfuta biyu ko uku su yi ƙuri'a yana maganin bugun ƙwaya, tunda da wuya ƙwaya ta bugi wuri ɗaya a dukansu lokaci guda. Ba ya maganin tsufa, domin tare suke shan radiyeshan, ba ya kuma maganin kuskuren manhaja. A ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta farko ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashi, bayan na'urorinta biyu na sanin alƙibla sun tsaya kusan tare, saboda manhaja ɗaya suke gudanarwa kuma ta yi ƙoƙarin cusa lamba mai bit 64 cikin gurbin bit 16.

Zafi ma abin lissafi ne tun farko. Inda babu iska fanka ba ta aiki, duk wat ɗin da furosesa ta sha sai ya bi ta ƙarfe ya kai ga bangon da zai fitar da shi, kuma sababbin dangogi masu cibiya takwas suna sha fiye da magabatansu idan aka sake su. A guji rufin kuza zalla a ƙafafun kaya, domin yana tsiro da siraran gashi da ke haɗa layuka, abin da aka danganta mutuwar tauraron Galaxy IV da shi a 1998.

Manhaja da saye

Kafin a tsayar da zaɓi a tabbatar tsarin aikin da ake so, ko RTEMS ko VxWorks ko Linux ko Zephyr, yana gudana a kan cif ɗin da direbobin duk tashoshin da za a yi amfani da su, irin su SpaceWire da CAN da MIL-STD-1553. Mai ƙaura daga SPARC ko PowerPC zuwa RISC-V ya lura cewa tsofaffin suna fara ajiye babban ɓangaren lamba ne, sabuwar kuma ƙaramin, saboda haka duk inda tsohuwar manhaja ke karanta saƙo kai tsaye daga memori za ta karanta shi a birkice ba tare da ta yi ƙorafi ba. Cibiyoyi da yawa kuma suna rabon memori ɗaya, aiki a wannan yana iya jinkirta aiki a waccan, don haka lokacin da aka auna a kan cibiya ɗaya ita kaɗai ba shi ne za a samu ba idan duka suna aiki. A gwada manhajar ta hanyar cusa mata kurakurai da gangan, a juya bit a rajista, a sandarar da tasha, a ga ko za ta farfaɗo kamar yadda aka zana.

Ga na'urar doron ƙasa ma'aunan daban ne: AEC-Q100 don juriyar zafi da tsufa a mota, ISO 26262 da IEC 61508 don amincin aiki, DO-254 don jiragen sama. A nan abin nema shi ne cibiyoyi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa suna duba juna, da gyaran kuskure a memori, da alkawarin kamfani cewa zai ci gaba da ƙera cif ɗin shekaru masu yawa.

Saye shi ne inda jadawali kan karye. Kayan Amurka masu jure radiyeshan suna ƙarƙashin dokokin fitarwa na ITAR ko EAR, izini yana ɗaukar lokaci, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa Turai ta dage kan nata, Indiya ma ta ƙera Vikram 3201 don rokokinta. Nau'in da za a aika sama da shi, mai shaidar QML-V ko makamanciyarta, yakan ɗauki watanni masu yawa kafin ya iso, shi ya sa ake fara aiki da nau'in gwaji mai zane iri ɗaya, a kuma yi odar na tashi da wuri. Wanda ya zaɓi kayan kasuwa zalla ya sani cewa kamfani yana iya sauya masana'anta ko ya ƙanƙanta silikon ba tare da ya canza lambar da ke jikin cif ba, kuma daga ranar rahoton gwajin da wani ya wallafa shekarun baya ya daina aiki a kansa. Hanyar da ake bi ita ce a sayi duk adadin da ake bukata lokaci ɗaya, daga rukunin ƙira ɗaya, a hannun dillalin da kamfanin ya amince da shi, a ware wasu a kai su ɗakin harbi, a gina da wasu, a kuma ajiye saura cikin jakar da ba ta shigar da danshi, da lambar rukunin a rubuce, domin ranar da tauraron ya fara nuna wani hali a sama, da su za a maimaita abin a ƙasa.